Ƙullin Bahago a Kan Hanyar Kewaye

Abin da ke biye labarin kakana ne na wajen uwa, kamar yadda ya ba ni shi a zama huɗu da muka yi a zaurensa da ke Makera, bayan na kammala jami'a. Na ɗauki muryarsa da izininsa, na kuma rubuta da hannu. Sharaɗi ɗaya ya gindaya mini, cewa kada in ambaci sunan kowa, har nasa, kuma na cika. Na cire maimaici da hirar da ta kauce, na daidaita jimloli, amma ban ƙara masa abin da bai faɗa ba. Inda ya ce Gwari, kamar yadda bakinsu ya saba a wancan zamani, na rubuta Gbagyi.

Ban iya tabbatar da shekarar ba. Shi ya ce ana cikin haƙa harsashin masaƙa ta farko a Kakuri. Wata tsohuwa da ta tashi a layinsu, wadda na ziyarta sau biyu a Nasarawa, ta ce masaƙar ta riga ta fara aiki. Ko wanne ne daidai, abin bai fita daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa ƙarshensu ba. Na duba tsofaffin jaridu da takardun da hannuna ya kai gare su, ban sami ko layi ɗaya a kai ba. A kan yawan gidajen da suka ƙone ma sun saɓa, shi ya sa ban rubuta adadi ba. Sun dace a kan abu uku: ranar Juma'a ce, da rana tsaka, kuma mutum ɗaya ya rasu. Maganar ƙullin ciyawa kuwa daga bakinsa kaɗai na ji ta, babu wani mai rai da zai gaskata ko ya ƙaryata. Daga nan maganarsa ce.

Idan na bi hanyar da ta ratsa bayan tsohuwar masaƙa a yanzu, nakan rage tafiya ina neman inda ciyawa take a da, sai in rasa ko alamarta. Shaguna ne da garejin makanikai da katangun bulo, gida manne da gida har iyakar ganin ido. Yaran da aka haifa a wurin ba za su yarda ba idan aka ce musu akwai lokacin da mahayin doki kan shiga nan ya ɓace, sai dai a riƙa ganin kan ciyawa yana darewa ta inda yake bi. Gamba ce da ƙyara, daga bayan gidajenmu har can wajen Rido ba abin da ya katse su sai rafuka da gonakin doya. Idan iskar rani ta taso daga gabas, ƙararsu kan zo kamar ruwan sama ya tsinke a nesa. Da wannan ƙara muke kwana muke tashi, da kukan jirgin ƙasa idan ya doso tasha, da bugun guduma daga wajen maƙera.

Mu baƙi ne a wurin. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina muka zo, ni da mahaifana da ƙannena mata biyu, ina saurayi gemu bai gama fito mini ba. Sana'ar gidanmu baibaya ce, wato rufe ɗaki da ciyawa. A can garinmu ciyawar rufi abar nema ce. Kowane taƙi na ƙasa gona ne, abin da ya tsiro a gefen hanya dabbobi sun kiwace shi tun yana ɗanye, mutum kan yi tafiyar yini kafin ya haɗa dami uku, kuma na sha ganin dattawa sun daina gaisawa a kan ciyawar bakin fadama. Da wannan idon muka sauka Kaduna. Ina tuna Baba a tagar jirgi bayan mun wuce Zariya, ya damƙe hannuna yana nuna mini waje, ba abin da yake yi sai tasbihi. Shi arziki ya gani a zube babu mai tsaro. Bai taɓa ganin wutar daji ta gaske ba, ni ma haka, domin a inda muka fito babu abin da wuta za ta ci har ta yi gudu.

Layinmu na bukkoki ne a ƙarshen gari, kudu da kogi. Galibin mazauna mutanen Arewa ne masu lebura da ƙananan sana'o'i, sai gida ɗaya na wani Ibo mai gyaran inji a reluwe, wanda kowa ke kira Oga. Ya rataye guntun ƙarfen dogo a bishiyar ƙofar gidansa, yana buga shi kowace safiya don tayar da abokan aikinsa, mu kuma muna ƙunƙuni. Aikinmu ba ya ƙarewa, domin kullum jirgi na sauke sababbin mutane, kowa kuma yana son inuwa. A yanko ciyawa da lauje, a kakkaɓe, a ɗaure dami-dami, a zauna a yanta ta da igiya har ta zama doguwar shimfiɗa, sannan a hau jinka a riƙa naɗawa daga ƙasa zuwa sama. Baba yakan ce ciyawar da ta bushe a tsaye takan ga damina biyar a kan ɗaki, wadda aka yanka da sauran ɗanyantaka kuwa tun a ta biyu take ruɓewa. Saboda haka bai yarda a sa mata lauje ba sai ta yi fari har gindi.

Igiyar da muke aiki da ita wani dattijo makaho ke tufka mana daga ɓawon rama. Ciwon idon nan na bakin kogi ne ya makantar da shi yana tsakiyar ƙarfinsa. Ba shi da kowa, sai Baba ya yi masa ɗaki a bayan gidanmu, na ƙarshe ta gabas, daga shi sai daji. Malam muke ce masa. Ya tufka wa kansa wata doguwar igiya ya ɗaura daga bakin ƙofarsa zuwa zaurenmu, ita yake bi da hannu ya zo salla ya koma. Mutum ne mai barkwanci. Idan na kai masa tuwo yakan lalubo hannuna ya ce, "Bahago, yau ma da hannun tsarki ka ɗauko mini abinci?" Da hagu nake komai, duk dukan da na sha a kai bai raba ni da ita ba. Ya ce ko a cikin ƙulli ɗari zai fitar da nawa, wai bakinsa baya yake komawa kamar jelar karen da aka kora.

Masu ƙasar kuwa Gbagyi ne, ƙauyensu na kudu da mu kaɗan, da rumbunansu da gonakinsu. Suna da wani dattijo gajere mai farin gashi wanda shi ke sa ranar abin da muke kira kewaye. Idan ruwa ya ɗauke da 'yan makonni, kan ciyawa ya fara ja amma gindinta da sauran kore, sai maza su fito da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, iska ba ta tashi ba. Su share hanyoyi biyu a jere da fartanya, tsakaninsu kamar jifan dutse, su cinna wuta a tsakiya. Wutar wannan lokaci raguwa ce, hayaƙinta ya fi harshenta, mutane na biye da ita da ɗanyun rassa suna kashe duk wadda ta nemi tsallake hanya. Kafin hantsi ya dubi ludayi, kamar yadda mata ke cewa idan sun ga an dawo cin abinci, an bar baƙar ƙasa doguwa tsakanin mutane da daji. Idan babbar wuta ta zo a tsakiyar rani, sai ta iso nan ta rasa abin ci ta mutu. Da layinmu ya kafu, ba mu roƙe su ba suka faɗaɗa kewayen ya haɗa da mu. Mu kuma mukan ba da hannu, mata su dama fura.

Akwai wata doka tasu da muka ɗauka da sauri, domin ta yi mana daɗi. Wanda duk ya ga ciyawa yana so, sai ya kama kawunanta ya ƙulle a wurare da yawa ya zagaye iyakar abin da yake so. Ciyawar da aka ƙulle ba mai yanka ta, ba mai sa mata wuta, ko ɗan sarki ne. Amma dokar tana da rabi na biyu: ba a ƙulli a kan hanyar kewaye, kuma wanda ya ƙulla kusa da gidaje ya yanke da wuri. Mun ji wannan rabin, ba mu auna nauyinsa ba. Dattijon yakan tsokani Baba a kai. Ya ce, "Ku da kuka fito daga ƙasar da akuya ke cin zane a kan shanya, kun ga ciyawa za ku kwana da ita a ɗaki." Baba ya ce masa sarkin doya, ya ce wanda bai taɓa rasa abu ba ina zai san darajarsa. Sai su yi dariya su raba goro.

A shekarar da nake magana an sa mini rana, za a ɗaura aure bayan salla. Baba ya ƙulle wani fili na ƙyara a bayan ɗakin Malam, ta cikin kewaye, inda bai tare wa kowa hanya ba. Wannan na aikin mutane ne. Ni kuma ina so in rufe ɗakin amaryata da hannuna, ya fi kowane ɗaki a layin, har masu wucewa su tambayi wanda ya yi. Daga filin Baba zuwa gabas akwai wani ɗan kwari mai laima, ƙyarar da ke ciki siririya ce, doguwa, ba karkace, ban ga irinta ba kafin nan kuma ban sake gani ba. A daidai kan hanyar kewaye take. Ana gobe za a fita kewaye, bayan la'asar, na ɗauki lauje kamar zan yanko wa akuya ciyawa, na shiga kwarin na ƙulle shi daga wannan baki zuwa wancan. Na san dokar. Abin da na gaya wa kaina shi ne mako guda kawai nake buƙata ta ƙarasa bushewa, in yanke, in share wurin da fartanya, ba wanda zai cutu.

Ranar kewaye ni da Baba muna Kakuri a kan jinkar wani mahauci. Da yamma dattijon Gbagyi ya zo zaurenmu, bai zauna ba, bai karɓi goro ba. Ya ce sun zo da wuta daga arewa, wasu sun zo daga kudu, sun tarar da ƙulli a tsakiya, sai kowa ya kashe tasa ya tsaya. Tsakanin baƙar ƙasa ta arewa da ta kudu akwai taku wajen ashirin na ciyawa a tsaye.

Ya ce, "Mai baibaya, mun bar maka ƙofa a buɗe. Kwana uku. Ka yanke, ko ka ba mu izini mu ƙone."

Baba ya ce ciyawarsa ba ta isa yanka ba, a ƙara masa haƙuri, zai rufe ƙofar da kansa. Ina zaune a gefe ina yanta, kaina a ƙasa. Na ɗauka Baba yana zaton filinsa ake nufi, cewa ƙullinsa ne ya ɗan zarce. Na bar shi a kan zatonsa. Dattijon ya tafi yana girgiza kai, Malam kuma daga inda yake tufka ya ce shi dai idan za a gasa shi a gaya masa ya yi wanka tukuna. Aka yi dariya, har da ni.

Kwana uku suka wuce, mako ya wuce. Ciyawar ta bushe, amma aiki ya taso mana ta ko'ina, kullum muna kan ɗakin wani daga hantsi zuwa magariba, kullum ina cewa jibi. Wata safiya na ga Baba ya fito daga wajen kwarin, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Ya wuce ni ya ɗauki buta, ya tambaye ni ko na wasa laujuna. Bai ƙara ko kalma ba, ni ma ban tambaya ba. Wataƙila kewayawa ya yi, domin maza ta can suke kewayawa. Na riƙe wannan safiya a raina fiye da shekara sittin, ina juya ta.

Ranar Juma'ar da abin ya faru, tun da safe akwai hayaƙi can nesa ta gabas. Ba wanda ya damu. Kowace shekara ana ganinsa, kowace shekara yakan zo bakin kewaye ya mutu. Maza duka muka yi wanka muka haye kogi zuwa masallacin Juma'a a cikin gari, aka bar mata da yara da Malam, sai Oga da ke hutun aiki. A kan gada muna dawowa na ga hayaƙin ya canza launi, ya yi baƙi ya miƙe, shirwa suna shawagi a kansa. Sannan muka jiyo ƙarfen Oga, ba irin bugun safiya ba, bugu ne ba tsayawa. Na jefar da takalmana na sa gudu. Baba na bayana da babbar riga, ina jin numfashinsa.

Abin da ya faru kafin mu iso, daga bakin mahaifiyata na ji. Wutar ta zo da faɗinta, iska na tura ta, ƙararta kamar jirage biyu sun haɗu. Ta iso baƙar ƙasa ta arewa ta kwanta, ta kudu ma ta kwanta, ƙauyen Gbagyi ko rumbu ɗaya bai taɓu ba. A kwarina kaɗai ta sami hanya. Ta bi ta ciki a tsuke, ta faɗa filin Baba ta buɗe, daga nan ta kama damman da muka jingine a bayan gida. Malam ne ya fara jin warinta. Ya fito bakin ƙofarsa yana kiran mata da sunan 'ya'yansu, yana cewa a bar kaya a kwashi yara a yi yamma, wajen layin dogo, inda tsakuwa take. Muryarsa ce ta fitar da layin gaba ɗaya. Oga ya bar wa matarsa ƙarfen, ya shiga gidaje yana fito da yara biyu-biyu a hammata. Da ya juyo wajen Malam, dangar zana ta riga ta faɗi tana ci a tsakaninsu. Ya yi ta kira, "Malam, nan, nan, biyo murya," amma ƙarar wuta ta fi muryarsa. Gashin hannunsa bai sake fitowa ba har ya bar Kaduna.

Rufin ciyawa ba a kashe shi da tulu. Mun iso muka tarar da layin yana ci daga gabas zuwa yamma, ɗaki na miƙa wa ɗaki, kusan duka aikin hannunmu ne, busasshe kamar yadda Baba yake so. Mutanen Gbagyi suka zo da gudu da rassa da gatura. Dattijonsu ya sa aka ture jinkaye biyu da ba su kama ba tukuna aka ja su gefe, masu su suna kuka suna zagi, a nan wutar ta tsaya. Kafin la'asar an gama. Mun sami Malam taku kaɗan daga ƙofarsa. Igiyarsa ce ta fara ƙonewa, da ya lalubo bai same ta ba sai ya bi inda ya zaci yamma ce, alhali gabas ya fuskanta. Ni na ɗauko ƙafafunsa.

Washegari bayan jana'iza aka taru wajen mai unguwa, a ƙarƙashin wata ɗorawa da rabin ganyenta ya babbake. Aka daɗe ana gardama a kan wanda ya kunna. Wasu suka ce tartsatsin jirgi ne, domin injinan lokacin garwashi suke tofarwa a kan hanya. Oga ya ce dogo yana yamma, wuta daga gabas ta zo, a bar reluwe ta huta. Wasu suka ce samari ne masu farautar gafiya da zomo, waɗanda kan ƙone daji guda don nama ƙwarya ɗaya. Wasu suka ce makiyaya ne masu son sabon tsiro, wasu suka ce masu cire zuma. Kowa na jefa laifin ga wanda ba ya wurin. Dattijon Gbagyi ya bari suka gaji, sannan ya ce tun yana yaro bai ga ranin da wuta ba ta zo ba, kuma bai taɓa sanin wanda ya kunna ta ba. Ya ce abin tambaya shi ne ta ina ta shigo.

Dattijon ya ci gaba. Ya ce su ba sa ƙone ciyawar da aka ƙulle, haka suka gada, kuma yau yana ganin da sun karya gadon da ya fi. Sannan ya ce, "Ƙullin da muka tarar a kan hanya, na duba shi da idona. Ba irin na cikin fili ba ne. Bakinsa..."

"Nawa ne," in ji Baba. Ya miƙe tsaye. "Ni na ƙulla. An ba ni kwana uku, na ƙi."

Dattijon ya dube shi. Ya juyo ya dube ni, ina tsugune da hannuna na hagu a cikin riga. Sannan ya ce, "To. Kai ka faɗa." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Da na buɗe baki a lokacin, kalma biyu sun isa. Ban buɗe ba.

Ba a kai Baba gaban alƙali ba, ba a kore mu ba. Abin da aka yi masa ya fi wannan tsawo. Iyalai suka watse, wasu suka raɓa a gidajen 'yan uwa a Makera, wasu suka hau jirgi suka koma garuruwansu da abin da ke jikinsu. Ƙannena sun yi wata guda suna kwana a ƙauyen Gbagyi suna cin doyarsu. Wata mata da hatsinta na shekara ya ƙone ta daina amsa gaisuwar mahaifiyata har ta mutu. Da aka fara sake gini, masu hali suka sayi kwano, marasa hali suka kira wani mai baibaya daga hayin kogi. Ba wanda ya sake kiran Baba. Yara idan ya wuce sukan ce ga mai ƙofa nan. Mutumin da ke tsayawa a kan jinka yana waƙa ya koma ɗaukar kwanon siminti a wurin gine-gine, tare da sa'o'ina. Ni kuwa aka ɗaura mini aure bayan shekara, iyayen yarinyar suka ce ai yaron ba ruwansa. Na sami aiki a masaƙa, na tara iyali, aka riƙa kirana mutumin kirki. A ƙarƙashin kwano kakarka ta tare.

Da kewaye ya zagayo, dattijon ya bi hanyar da kansa da wuƙa, ya yanke duk ƙullin da ya gani, ko na wane ne. Daga nan dokar ƙulli ta fara mutuwa, daga baya kewayen ma ya mutu, domin gari ya cinye dajin. Yanzu ana gaya mini can wajen Rido da bayan Sabon Tasha, inda gari ke ci gaba da kutsawa, mutane na gina gidaje a tsakiyar ciyawa, da janareta da jarkar fetur a bayan ɗaki. Kowa ya share ƙofar gidansa ya shige ya kulle get. Ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa, balle a sami dattijon da zai sa rana a fito. Idan wuta ta tashi sai a tsaya ana tambayar wanda ya yar da guntun taba, kamar yadda muka yi a gindin ɗorawa. Mai kunnawa ba ya ƙarewa. Abin da ke hannun mutane shi ne su ƙone tun ciyawa na da kore, da safe, tare, su nisanta busasshen kaya daga ɗakuna, kuma kada a bar ko taku ɗaya saboda kunyar wani. Mu an yi mana kewaye mai kyau ta ko'ina. Taku ashirin ne ya kashe Malam.

Baba ya yi shekaru bayan haka. A ciwonsa na ƙarshe ina zaune kusa da shi da rana, ba kowa a ɗakin. Na tattara ƙarfin halin da nake da shi na ce, "Baba, ciyawar nan ta kwari..." Ya buɗe ido ya ce, "Wace ciyawa? Ai an gina shaguna a wurin." Sannan ya tambaye ni ko an kira la'asar. Bayan kwana biyu ya rasu.

Nan kakana ya tsaya a zama na huɗu. Daga baya na je wurin da ya kwatanta mini, na tarar da shagon walda da wata kwata da ke bi ta ɗan gangare, wadda mai yiwuwa ita ce kwarin, ko da yake ba zan rantse ba. Tsohuwar Nasarawa ta tuna Malam da igiyarsa, ta tuna ƙarfen Oga, ta kuma ce kowa ya san mai baibaya ne ya jawo, shi da bakinsa ya faɗa. Ban gaya mata sauran ba.

Na tambayi kakana abin da ya fi damuna a matsayin mai rubutawa. Idan mahaifinsa bai je kwarin ba a safiyar nan, to ya ɗauki laifin da ya zaci nasa ne, ya mutu bai san gaskiya ba. Idan kuwa ya je, mutumin da ya san ƙullin ɗansa tun yana koyo, to ya gani ya yi shiru, ya bar ƙofar a buɗe, kuma abin da ya faɗa a gindin ɗorawa rabinsa rufin asiri ne, rabinsa gaskiya. Kakana ya ce ya yi shekara sittin yana auna su biyun, bai san wanda ya fi masa sauƙi ba. Ban sami wata shaida da za ta rinjayar da ɗaya ba, don haka na bar tambayar yadda na same ta: a lokacin da ya miƙe ya ce ƙullin nasa ne, shin ya san na ɗansa ne?